Tambayoyinku: Adireshin da Kamfanin Kebul Ya Ba Ka, Aro Ne Ko Mallaka?

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a watan nan sun fi karkata ga abu guda, wato adireshin IP, lambar da ake gane layin mutum da ita a intanet, wanda kamfanonin intanet na kebul ke bai wa masu hulɗa da su. Na tsamo guda shida da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran. Kebul ɗin da ake magana a kai shi ne zagayayyar wayar nan mai tsinken jan ƙarfe guda a tsakiya, wadda aka fara ja domin talabijin kafin a ɗora mata intanet. Wanda nasa intanet ke zuwa ta faiba ko ta layin salula zai tarar wasu bayanan sun shafe shi, wasu kuma ba su shafe shi ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kusan shekara guda ke nan ina lura da adireshin IP na gidana, bai taɓa canzawa ba, har na haddace shi. Da na kira kamfanin sai suka ce wai adireshina mai sauyawa ne, in ina son tsayayye sai na ƙara kuɗi. Ashe wannan ba yaudara ba ce? Ta yaya abin da ya shekara bai motsa ba za a ce da shi mai sauyawa?

Amsa: Ɗan'uwa, ba su yaudare ka ba, kuma idonka bai ruɗe ka ba. Adireshin mai sauyawa ne, sai dai har yanzu babu abin da ya tilasta masa sauyawa. Domin ka ga yadda hakan ke faruwa, bari mu bi abin da ke gudana tun daga lokacin da ka jona modem, akwatin da ke haɗa gidanka da kebul ɗin kamfani, da wuta.

Fitilun nan da ke ƙyaftawa na minti ɗaya ko biyu, aiki ake yi a bayansu. Da farko modem yana laluben tashoshin da ke cikin kebul har ya kama siginar wata babbar na'ura ta kamfanin da ake kira CMTS, wadda ke kula da dubban modem na yanki guda. Da ya kama ta sai su daidaita ƙarfin sigina da lokacin da zai riƙa aika saƙo, saboda kai da maƙwabtanka hanya ɗaya kuke rabawa wajen aikawa, in kowa ya yi magana lokaci guda saƙonni za su ci karo. Bayan haka modem ya nemi adireshi na ƙashin kansa, wanda kamfani ke bi ta kansa wajen kula da shi, kuma ba shi ne wanda duniya ke ganinka da shi ba. Sannan ya sauko da wani ɗan fayil daga sabar kamfanin, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima. A cikin fayil ɗin aka rubuta gudun da ka biya, da adadin na'urorin da aka yarda a ba su adireshi a bayan modem ɗin. Duk wannan yana tafiya ne bisa ƙa'idar DOCSIS, wadda cibiyar CableLabs ta Amurka ta fitar da zubinta na farko a 1997.

Sai an gama wannan ne rautarka, na'urar da ke raba intanet ga kayan gidanka, ke samun bakin magana. Ƙa'idar da take bi wajen neman adireshi ita ce DHCP, kuma saƙo huɗu ne kacal. Rauta ta yi shela cewa tana neman adireshi, ta haɗa da lambar shaidarta ta MAC, lambar nan mai haruffa da alƙaluma 12 da masana'anta ta ba ta. CMTS ta karɓi shelar, ta liƙa mata bayanin modem ɗin da ta biyo ta cikinsa, ta miƙa wa sabar DHCP. Sabar ta duba rumbun adiresoshin da aka ware wa wannan yankin, ta yi tayin guda. Rauta ta ce ta karɓa. Sabar ta tabbatar, ta haɗo mata da adireshin mafita, wato na'urar da saƙonninta za su bi su fita, da na sabar DNS mai fassara sunayen shafuka zuwa adireshi, da kuma abin da ya fi shafar tambayarka, wato wa'adi.

Aro aka ba ka, kuma aron yana da ranar ƙarewa. Mu ƙaddara wa'adin kwana 4 ne. Rauta ba ta jira ya cika. Da an ci rabi, wato kwana 2, sai ta koma wa sabar da ta ba ta, ta nemi a sabunta. Kusan kullum ana amsa mata, wa'adin ya koma sabo fil, kai kuma ba ka ma san an yi ba. In sabar ba ta amsa ba, rauta za ta yi ta gwadawa, idan aka ci kashi 87.5 cikin ɗari na wa'adin, kwana 3 da rabi ke nan a misalinmu, sai ta yi shela ga duk wata sabar da za ta ji. Sai idan wa'adin ya ƙare ƙurmus babu amsa ne take sakin adireshin ta koma neman sabo.

Ko a nan ma akwai abin da ke taimakonka. Takardar ƙa'idar DHCP ta 1997, mai lamba RFC 2131, ta tsara cewa idan na'ura ta zo neman adireshi, sabar ta fara duba ko tana riƙe da wani a yanzu, in babu ta duba wanda ta riƙe a baya ko yana nan ba a bayar ba, sai a ƙarshe ne za ta ɗauko sabo. Shi ya sa ko wuta ta ɗauke na yini guda, ka kunna sai ka tarar da adireshinka na jiya. Kamfanin kebul kuma ba shi da ribar da zai ci in ya riƙa jujjuya adiresoshi. A zamanin da ake shiga intanet ta bugun tarho, mutum ya shiga awa ɗaya ya fita, adireshi guda na iya zagaya mutane da yawa a yini. Modem na kebul kuwa a kunne yake dare da rana, kowane gida yana riƙe da nasa. A Jamus, a da kamfanonin da ke ba da intanet ta layin tarho sun yi shekaru suna yanke haɗi duk bayan awa 24 su ba da sabon adireshi, to amma wannan wani tsarin ne daban da na kebul.

To yaushe zai sauya? Ranar da ka canza rauta, domin sabar lambar MAC ta sani, ba sunanka ba. Ko ka kashe kayanka har wa'adi ya wuce aka bai wa wani. Ko kuma, wanda ya fi zuwa ba zato, ranar da mutane suka yi yawa a yankinku kamfani ya raba layin gida biyu, ko ya mayar da ku kan wata CMTS, ko ya sake rabon rumbunan adiresoshinsa. Irin wannan aikin da tsakar dare ake yinsa, kuma ba wanda zai sanar da kai, tunda ba a taɓa yi maka alkawarin adireshin ba. Alkawarin nan shi ne abin da suke sayarwa da sunan tsayayyen adireshi.

Na taɓa zuwa wani ofis da sassafe na tarar ma'aikata sun yi jugum, manhajar biyan albashinsu da ke kan sabar wani kamfani ta ƙi buɗewa. An saita ta ne ta karɓi shiga daga adireshin ofishin kaɗai, adireshin da ya daɗe bai motsa ba har kowa ya ɗauka nasu ne. A daren aka yi gyara a layin yankin. Ranar biyan albashi ce kuwa. Saboda haka ka ci gaba da morar adireshinka yadda yake, amma kada ka ɗora masa wani abu da zai yi maka ciwo in ka wayi gari ya canza.

Tambaya: Malam, na sayi sabuwar rauta, na cire tsohuwar na jona ta a modem, intanet ya ƙi zuwa. Da na mayar da tsohuwar sai ya dawo nan take. Sabuwar ce ta lalace in mayar wa mai shago?

Amsa: Malama, ki dakata da mayarwa, da wuya a ce rautar ce ke da laifi. Kin tuna fayil ɗin da na ce modem yana saukowa da shi? A layin gida, yawanci na'ura ɗaya tak aka yarda ta karɓi adireshi. Modem yana haddace lambar MAC ta na'urar farko da ya gani bayan an kunna shi, ya cike gurbin da ita. Da kika jona sabuwar, sai ya ga baƙuwar lamba alhali gurbi ya cika, ya ƙi wuce da saƙonta.

Maganin ba ya cin ko sisi. Ki zare wa modem wuta gaba ɗaya, ki bar shi kamar minti biyu. Ki jona sabuwar rautar a jikinsa tana kashe. Ki kunna modem ki jira fitilunsa su tsaya cak, sannan ki kunna rautar. In modem ɗinki irin mai haɗe da layin tarho ne, wasu suna da batir a ciki, zare waya ba ya kashe su, sai kin cire batirin ko kin danna ɗan maɓallin sake kunnawa sau ɗaya ki saki.

Idan kika shiga shafin rautar kika ga adireshinta na waje ya fara da 192.168.100, modem ne ya ba ta na wucin gadi saboda shi kansa bai gama haɗuwa da kamfani ba. In kuma kwamfuta kika jona kai tsaye kika ga 169.254, to babu sabar da ta amsa mata, ita ta raɗa wa kanta. Mafi yawan modem na kebul suna da shafi a 192.168.100.1 da ke nuna ƙarfin sigina da matakin da suka tsaya, kuma ya kamata ki duba shi kafin ki kira kamfani, domin zai rage miki doguwar magana.

Ki sani adireshinki na waje zai canza da sabuwar rautar. In kina son tsohon, rautoci da yawa suna da wurin da za ki rubuta lambar MAC ta tsohuwar, sabuwar ta riƙa gabatar da kanta da ita. Sai dai kada ki bar su biyun a layi ɗaya da lamba ɗaya. Canza modem ɗin kansa kuma wata magana ce daban: wannan dole sai kamfani ya yi rajistar lambar da ke liƙe a jikinsa, in ba haka ba ba za a ba shi fayil ɗin gudu ba.

Tambaya: Na saka kyamarorin tsaro a gida ina son in riƙa kallo daga wurin aiki. Na buɗe ƙofa a rauta kamar yadda littafin ya ce, na yi rajistar suna a wani shafi mai bin sauyin adireshi, amma shiru. Na lura rautata tana nuna adireshi mai farawa da 100.72, shafukan duba adireshi kuma suna nuna wani daban. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, ka riga ka gano matsalar da kanka, saura a faɗa maka sunanta. Duk adireshin da ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255 ba ya fita intanet. An keɓe wannan rukunin ne a 2012 domin kamfanonin intanet su yi amfani da shi tsakaninsu da kwastomominsu, a tsarin da ake kira CGNAT. Ma'ana, ba ka da adireshin waje naka kai kaɗai, ko na aro. Kai da gidaje da dama kuna fita ne da adireshi guda, wanda yake kan wata na'ura a cibiyar kamfani, kuma shi ne shafukan duba adireshi ke nuna maka.

Kamar babban gidan haya ne mai lamba ɗaya a bakin titi. In ɗan haya ya aika wasiƙa, mai gadi ya rubuta ɗakin da ta fito, amsa ta dawo ya kai masa. Amma baƙon da ya zo da lambar gidan kawai, ba wanda ya aika a kira shi, mai gadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi. Wayarka da ke neman kyamara daga wurin aiki ita ce baƙon. Ƙofar da ka buɗe a rautarka daidai take, saƙon ne ba ya isowa gare ta.

Dalilin wannan tsari shi ne ƙarancin adiresoshi. IPv4, tsarin adiresoshin da aka tsara a 1981, yana da bit 32, gurabe 32 ke nan na sifili ko ɗaya, wato adiresoshi 4,294,967,296, kuma wani kaso mai yawa an keɓe shi don wasu ayyuka. Ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA, mai rabon adiresoshin intanet na duniya, ta raba manyan rukunai biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar na duniya. ARIN, mai kula da Amurka da Kanada, ta ƙarar da nata a watan Satumba 2015. RIPE NCC, mai kula da Turai da Gabas ta Tsakiya, ta ba da na ƙarshe a rumbunta a watan Nuwamba 2019. Tun daga nan kamfanin da ke son ƙarin adiresoshi yawanci sai ya saya daga hannun wani. Tsofaffin kamfanonin da suka kwashi rabo tun da wuri suna iya bai wa kowane gida nasa, waɗanda suka zo daga baya ko suka bunƙasa da sauri su ne suka fi cusa mutane a bayan adireshi ɗaya. Wasu kamfanonin kebul, musamman a Turai, suna bin wata hanyar mai suna DS-Lite, inda gida ke samun IPv6, sabon tsarin adiresoshi, sosai, zirga-zirgar IPv4 kuma a naɗe ta cikin IPv6 a kai ta na'urar rabo. Ga mai kyamara sakamakon ɗaya ne.

Ban ga laifin kamfani ba don ya yi amfani da CGNAT, ƙarancin gaskiya ne. Inda nake ganin ba a kyauta ba shi ne a sayar wa mutum layi ba a faɗa masa ba, ya kwana uku yana zargin rautarsa da kyamararsa da kansa. Layi ɗaya a takardar yarjejeniya ya isa.

Abin da za ka fara yi shi ne ka kira su ka ce kana son adireshin IPv4 na waje. Ka lura da kalmar, na waje ka ce, ba tsayayye ba. Wasu kamfanonin suna cire mutum daga CGNAT in ya nema, su ba shi mai sauyawa na yau da kullum, kuma wannan tare da sunan da ka riga ka yi rajista ya ishe ka. In ka ce tsayayye, za a iya kai ka tsarin 'yan kasuwa da ya fi ƙarfin buƙatarka. In sun ƙi, akwai manhajojin VPN da ke buɗe rami daga cikin gida zuwa waje, wayarka ta haɗu da gidan ta cikin ramin, kuma tunda daga ciki aka fara haɗin, CGNAT ba ya tare shi. Ni wannan na fi so ma ko da kana da adireshin waje. Kyamarar da aka buɗe wa ƙofa kai tsaye, na'urorin masu laluben intanet ba sa daɗewa ba su gano ta ba, kuma a 2016 irin waɗannan kyamarori masu kalmar sirri ta masana'anta ne manhajar ɓarna ta Mirai ta kame ta kai manyan hare-hare da su.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da ƙaramin kamfani, na biya kuɗin tsayayyen adireshi. Sun ba ni takarda mai adiresoshi biyar da wata lamba 255.255.255.248, kuma suka ce dole in yi amfani da akwatinsu, ba zan sa modem ɗina ba. Me ya sa biyar, me kuma ya sa dole sai akwatinsu?

Amsa: Alhaji, hanya biyu ce kamfanoni ke bi wajen tsayar da adireshi. Ta farko mai sauƙi ce: a rubuta a sabar DHCP cewa wannan lambar MAC kullum a ba ta wannan adireshin. Rauta tana nema kamar kowa, amsar ce ba ta canzawa. Ta biyu ita ce aka yi maka, wato a yanko maka ɗan rukuni naka, kai kuma ka rubuta adiresoshin da hannu a na'urorinka.

Rukunai ana yanka su ne bisa ninkin biyu, 4 ko 8 ko 16. Lambar da ta ƙare da 248 tana nufin an ba ka 8. Bari in yi misali da adiresoshin da aka keɓe don koyarwa: daga 203.0.113.8 zuwa 203.0.113.15. Na farkon sunan rukunin ne, ba a sa wa na'ura. Na ƙarshen na shela ne ga duk rukunin. Guda ɗaya kuma, a ce mai ƙarewa da 14, akwatin kamfani ya ɗauka a matsayin mafita. Saura biyar, daga 9 zuwa 13. Da wannan lissafin ne rukunin 4 ke ba da adireshi 1, rukunin 16 ya ba da 13, shi ya sa za ka ga ana tallata 1 ko 5 ko 13.

Maganar akwati kuma tana da tushe. Rukuninka ba ya cikin rumbun da aka ware wa yankinku, don haka dole wani ya riƙa shaida wa CMTS cewa duk saƙon da ya zo wa waɗannan adiresoshin, ta wannan layin za a bi da shi. A tsarin da kamfanonin kebul da yawa ke bi, akwatin ne ke yin wannan sanarwar a kai a kai ta wata tsohuwar ƙa'ida mai suna RIP, yana haɗawa da mabuɗin sirri. Kamfani ba zai saka wannan mabuɗin a na'urar da ba ya iko da ita ba, domin wanda ya same shi zai iya janyo saƙonnin wasu zuwa layinsa. Amfanin tsarin gare ka shi ne ko an mayar da layinku kan wata CMTS a yankin, akwatin zai sake sanarwa adiresoshinka su biyo ka. Abin kiyayewa, a irin wannan tsarin in ka mayar da akwatin ya zama gada kawai, mai wuce da saƙo ba tare da yin aikin rauta ba, sanarwar takan tsaya, adiresoshin su daina aiki. Ka bar shi yadda suka saita, ka rubuta ɗaya daga cikin biyar ɗin a rautarka ta bayansa.

Tunda ka riga ka biya, ka ci moriyarsa sosai. In za ka ajiye sabar imel, ka nemi su saita maka sunan da adireshin zai riƙa amsawa in an tambaye shi ta baya, wato daga lamba zuwa suna, domin manyan sabobin imel suna duba wannan kafin su karɓi saƙo. Wannan na daga cikin wuraren da mai adireshin gida ba ya iya gogayya da kai: kamfanoni da yawa suna toshe ƙofa ta 25, wadda sabobin imel ke aika saƙo ta cikinta, a layin gida, kuma ƙungiyar Spamhaus, mai yaƙi da saƙonnin imel na banza, tana da jerin rukunan adiresoshin da bai kamata su riƙa aika imel kai tsaye ba. Haɗa rassa biyu da VPN na dindindin, ko shiga manhajar da ke karɓar adireshi sananne kaɗai, su ma dalilai ne masu ƙarfi. Amma ka riƙe a ranka cewa adiresoshin suna nan a rajistar kamfanin, ranar da ka koma wani kamfani za ka bar su a nan. Don haka duk inda za ka iya sa suna a madadin lamba, ka sa suna.

Tambaya: Yaya, abokina ya ce tsayayyen adireshi yana ƙara gudu da rage jinkiri a wasannin intanet. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanena, ba gaskiya ba ne. Gudunka yana cikin fayil ɗin da modem ya sauko da shi, jinkiri kuma ya danganta da nisan sabar wasan, da cunkoson layin yankinku da yamma, da ingancin siginar kebul, da ko kana kan Wi-Fi ko waya. Abin da zai iya damun mai wasa shi ne CGNAT, domin yana hana wasu 'yan wasan haɗuwa da na'urarka kai tsaye. Maganinsa adireshin waje, ko da mai sauyawa ne. Ka fara da jona na'urar wasan da waya zuwa rauta ka gani.

Tambaya: Malam, a kwamfutata na ga wasu dogayen adiresoshi masu haruffa da alamar ɗigo biyu, har guda uku ko huɗu, kuma wasunsu suna canzawa kullum. Kamfani ne ke canza min, ko wani ne ya shigar min?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, IPv6 ne, kuma alama ce mai kyau cewa kamfaninki ya kunna shi. Kebul ya samu damar ɗaukar IPv6 tun zubin DOCSIS 3.0 na 2006. Kamfanonin kebul na cikin waɗanda suka fara matsa wa a yi shi, saboda kowane modem yana cin adireshin kulawa na kansa. Kamfanin Comcast na Amurka ya taɓa kai matsayin da adiresoshi sama da miliyan 16 na rukunin cikin gida mai farawa da 10 suka kasa isar na'urorinsa.

A nan rabon ya sha bamban da na IPv4. Adireshin bit 128 ne. Kamfani ba ya ba ki adireshi ɗaya, rabin farko yake bai wa rautarki, ko ma ƙasa da rabi. In ya ba ta bit 64, kina da zauren sadarwa guda, wato rukuni ɗaya na na'urori masu haɗe da juna. In 60 ne kina da 16, in 56 ne kina da 256, kina iya ware na baƙi daban da na kyamarori daban. Rabin ƙarshe kuma kowace na'ura ita ke ƙirƙira wa kanta. Kwamfutoci da wayoyin zamani suna ƙirƙirar na wucin gadi suna sabuntawa kusan kullum, domin kada shafuka su riƙa bin sawun na'ura ɗaya da lamba ɗaya. Waɗannan ne kike gani suna canzawa. Wanda ya fara da fe80 kuma na cikin gida ne, ba ya wuce rauta.

Ki duba farkon adiresoshin, za ki ga iri ɗaya ne a duk na'urorin gidan. Wannan ɓangaren ne na kamfani, kuma shi ma aro ne mai wa'adi, ana sabunta shi kamar yadda na bayyana a amsar farko. Bambancin shi ne sabar tana gane rauta da wata lambar shaida mai suna DUID. Wasu rautoci suna ƙirƙirar sabuwa in aka mayar da su saitin masana'anta, sai ki ga farkon adiresoshin gidan duka ya canza. Canzawar rabin ƙarshe kuwa ba ta ɓoye ki daga kamfani: yana da rajistar layin da ya riƙe kowane rukuni a kowane lokaci, a IPv6 da IPv4 duka.

Abu ɗaya nake so ki duba yau. A IPv6 kowace na'ura tana da adireshin da za a iya isa gare shi daga waje, babu rabon adireshi ɗaya da ke tare baƙo. Ki shiga shafin rautarki ki nemo katangar tsaro ta IPv6, ki tabbatar tana kunne kuma tana hana duk haɗin da aka faro daga waje. Yawancin rautoci haka suke zuwa, amma na sha ganin waɗanda wani ya kashe musu ita yana neman gyara wata matsala ya manta bai mayar ba. In akwai na'urar da kike son isa gare ta daga waje, ita kaɗai za ki buɗe wa, da lambar ƙofar da take buƙata.